Takardar Bakatsine

Shekaru da yawa ni ne nake riƙe da gwangwanin takardu na ikilisiyarmu. Gwangwanin biskit ne mai jan murfi, matar ogana ta ba ni shi bayan wata Kirsimeti. A cikinsa muke ajiye takardar duk wanda ya baro garinsu ya shigo cikinmu. Ƙa'idarmu ke nan tun farko: faston cocinku na gida ya rubuto cewa an yi maka baftisma, ba ka ƙarƙashin horo, kuma ba gudowa ka yi ba. In takardarka ta shiga gwangwani, ranar Jibin Ubangiji za a miƙo maka gurasa da ƙoƙo kamar kowa. In ba ta shiga ba, bencin baya ne wurinka har ranar da za ta iso. Ni nake karɓa, in karanta a gaban dattawa, in ninke, in rufe murfi. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina karanta Hausa sosai, Turanci kuma ina lallaɓawa, shi ya sa aka ɗora mini aikin.

Wannan a shekarun da gwamnati take kwashe kayanta daga Legas zuwa Abuja ne. Ni direba ne a lokacin, ina tuƙa wani babban ma'aikaci da aka ba gida a Maitama, amma ɗakina yana can kan hanyar Jiwa, inda talaka zai iya biyan haya. A rumfar wani kafinta muka fara sujada, ba mu kai ashirin ba. Daga baya wani tsoho ɗan ƙasa, manomin doya, ya nuna mana gefen gonarsa ya ce mu kafa a nan. Muka kafa katako, muka buga kwano sama da gefe. Sai mutane suka fara kwararowa. Duk ogan da ya taso daga Legas yana tafe da direba da kuku da mai gadi, kuma da yawansu 'yan Arewa ne irinmu. Ga leburorin kamfanonin Idu, ga matan sojoji, ga manoman ƙauyukan kewaye. Kowa da yarensa na gida, Hausa ce ta haɗa mu, kuma kowa da irin Hausarsa. Sau biyu muka ture bangon baya muka ƙara tsawon ɗakin.

Yawan nan ya zo mana da tsoro. Filinmu ba shi da takardar hukuma, kalmar tsohon nan ce kawai, kuma ko'ina ana maganar rusau. Ana cewa kafin a zo da jan fentin da ake yi wa gini alamar rushewa, sai an fara turo wani ya zauna cikinku kamar ɗan'uwa, ya ƙirga ku, ya auna gininku. Ban san wanda ya fara faɗin haka ba, amma duk mun yarda. Ni kuma ina da nawa tabon. Wani mutum ya taɓa kawo mini takarda mai hatimi mai kyau, na karanta ta da babbar murya, muka karɓe shi. Bayan wata bakwai, yana dab da auren wata cikin mawaƙanmu, sai ga matarsa ta gida da 'ya'ya uku a ƙofar coci. Shi ya rubuta takardar da kansa. Ba wanda ya zage ni, amma na daɗe ina jin idanun mutane a bayana. Daga ranar na yi alkawari ba za a sake wucewa ta hannuna ba.

Wata Lahadi cikin damina wani dogon mutum ya iso, da kaftani ruwan toka da hula. Ina tsaye a bakin ƙofa ina raba littafin waƙa. Na ga ya tsaya wajen duron ruwa, ya wanke ƙafafunsa da hannuwansa, ya tuɓe takalmi ya jera su a gefe, ya cire hula, sannan ya shiga. Hanyar cike take da laka a ranar, wasunmu ma sun wanke ƙafa, amma ni abin da idona ya gani alwala ce. Ba wanda yake tuɓe takalmi a cocinmu.

Da aka ce baƙi su tashi su gabatar da kansu, ya miƙe ya yi gaisuwa. Hausarsa ta sa ɗakin ya yi tsit, irin wadda muke ji a rediyo da bakin 'yan kasuwa. Ya ce shi daga wani ƙauye yake a ƙasar Katsina, cikin bangaskiya aka haife shi, mahaifinsa ma mai bi ne, kuma yana aiki a rumfar wani Alhaji mai sayar da hatsi, mutumin yankinsu. Aka tafa masa. Shugabar zumuntar mata, wata mama mai kaifin baki da ke zaune kusa da ƙofa, ta jawo bakin rigata ta ce a hankali, "Dattijo, kai ka taɓa ganin Bahaushe Kirista da idonka?" Na ce na ji labari dai. Ta ce ita ma labarin ta ji.

Bayan an tashi ya same ni, ya rusuna, ya ce an gaya masa ni ne mai karɓar takarda. Ya zaro wani ɗan ƙulli daga aljihun gaba. An ninke takardar ƙanana, an naɗe ta da leda, an ɗaure da baƙin zare. Tun kafin in kwance, zuciyata ta ce laya. Da na buɗe kuma sai na ga rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu, da tawada ja-ja irin ta allo. Ko harafi ɗaya ban gane ba.

Na tambaye shi mene ne wannan. Ya ce takardarsa ce. A ƙauyensu ba fasto, sai wani tsoho mai bishara wanda bai yi boko ba. Karatun allo ya yi yana yaro kafin ya karɓi bangaskiya, don haka da ajami yake rubutu, amma maganar da ke ciki Hausa ce zalla. Ya ce in ina so zai karanta mini. Na ce mutum ba ya karanta wa kansa shaida. Ya ce gaskiya ne, to a kai wa Alhajinsa, ko kowane malami a kasuwa, minti biyu ya ishe su. Na ce maganar ikilisiya ba a kai ta kasuwa. Ya ce yadda ka gani, Baba.

Ban sa ta a gwangwani ba. Na ji tsoron haɗa ta da sauran takardu, na kuma ji tsoron kai ta ɗakin da 'ya'yana suke kwana. Sai na shiga ɗan ɗakin ajiyar benci da ganguna a bayan bagade, na taka kujera, na cusa ta tsakanin kwano da katakon rufi.

A taron dattawa na ce baƙon bai kawo takarda ba, wani rubutu ya kawo irin na malamai. Fastonmu na lokacin matashi ne, bai daɗe da fitowa makarantar tauhidi ba, yana jin nauyinmu mu da muka girme shi. Ya ce yana so ya gani. Na ce na bar ta a gida, don ban ga ya dace in shigo da ita ɗakin Allah ba. Tana saman kanmu a lokacin da nake faɗin haka. Shugabar mata ta ce a ƙone ta kawai. Fasto ya ce a'a, a rubuta wa ƙauyen a nemi wani mai boko ya tabbatar, kafin nan baƙon ya zauna a baya kamar yadda ƙa'ida ta ce. Shi ya rubuta wasiƙar da hannunsa, ya ba ni in aika.

Na tambayi Bakatsinen, haka muke kiransa har ya bar mu, yadda wasiƙa take isa garinsu. Ya ce ba gidan waya a kusa, amma direban motar da ke kawo wa Alhaji gero yana bi ta bakin ƙauyen duk sati biyu, in an ba shi zai kai. Na ce to. Na dawo gida ina lissafi a raina: wasiƙa ta bi ta rumfar Alhaji, ta hau motar Alhaji, ta dawo ta hannun Alhaji. Duk amsar da suke so ita za su kawo mana. Wasiƙar ta kwana uku a aljihuna, daga nan na hura wutar risho da ita. Wannan shi ne ainihin laifina, kuma ban gaya wa kowa ba, har matata.

Na fara bin diddiginsa. Ranar da oga ya yi tafiya, sai in bi ta kasuwa kamar mai neman wake, in tsaya daga nesa. Na gan shi yana cin tuwo a kwano ɗaya da mutanen Alhaji. Na ga lokacin azahar shi yake shimfiɗa musu tabarma, ya cika musu buta, ya zauna tsaron rumfa har su idar. Cikin watan azumi ban taɓa ganin ya kai ko ruwa bakinsa a fili ba. Duk waɗannan na tara su a raina a matsayin hujja. A coci kuwa ya san waƙoƙi da ka, har da tsofaffin da mu muka manta baitocinsu na ƙarshe. Na ce a raina, wanda ya turo shi ya koya masa da kyau. Shi ne yake riga kowa zuwa ranar Asabar ya share fili, shi ne yake ɗaukar yashi in ana gyara. Na ce mai leƙen asiri dole ya nemi shiga. Duk abin da ya yi, mai kyau ko marar kyau, yana da gurbi a cikin zargina.

Lahadin farko na kowane wata muke cin Jibin Ubangiji. Burodi ne ake yankawa ƙanana, da zoɓo a ƙananan kofuna, don ba mu da halin ruwan inabi. Mu dattawa biyu muke zagawa da faranti, ni nake ɗaukar layin hagu, layin da ke ƙarewa a bencin baya. A bencin akwai masu horo, wanda ya yi faɗa da makwabci, wadda ta yi ciki ba aure, da masu jiran takarda. Masu jiran takarda ba sa daɗewa, wata biyu ko uku sun matsa gaba. Shi kaɗai ne bai matsa ba. Ina isa benci na biyu daga ƙarshe sai in juya da farantina. Ba ya ɗaga kai.

Kowace irin wannan Lahadi, kafin a fara sujada, zai same ni a ƙofa ya gaishe ni ya ce, "Baba, ko amsa ta zo?" Ni kuma in ce, "Ana bincike." Ya ce Allah ya kawo ta lafiya, ya tuɓe takalmi ya shiga.

Matata ce ta fara damuwa. Takan kawo kunu a jarka don masu zuwa daga nesa. Wata rana ta miƙa masa da safe ya ce ya gode, sai an tashi. Ta matsa masa, sai ya gaya mata cewa a ƙauyensu ba a cin komai ranar Jibi sai an ci gurasar Ubangiji tukuna. Ta ce ai kai ba a ba ka. Ya ce ai bai san ranar da amsa za ta zo ba, kada ta zo ta same shi da ciki cike. Da ta kawo mini wannan labari a gida, tana tsinke alayyafo, ba ta dube ni ba.

"Baban yara, wata goma sha huɗu ke nan mutumin nan yana zuwa da yunwa."

Na ce ba ni na aike shi ba.

"Wasiƙar nan a ƙafa take tafiya?"

Na ce ta bar maganar dattawa ga dattawa. Ta ce ta bari, amma ita ba ta taɓa jin ɗan leƙen asirin da ke yi wa kansa azumi ba wanda ya sani ba. Na tashi na fita. Maganarta ta taɓa ni, amma a lokacin in na yarda da ita, dole in faɗi abin da na yi da wasiƙar fasto. Ya fi mini sauƙi mutumin ya zama mugu.

A daminarsa ta uku a cikinmu aka wayi gari wata Talata da jan fenti a bangon cocinmu. Labari ya zaga kafin azahar. Na nemi izini wurin oga na zo. Ba mu kaɗai aka shafa wa ba. Duk layin ne, shagunan walda, gidan mai sayar da katako, har ɗan masallacin makanikai da ke kwanar hanya. Na tsaya a gaban masallacin na ga alamar da idona, iri ɗaya da tamu. Amma da na iso coci na tarar mutane suna cewa makon jiya an ga Bakatsine yana zagaya ginin da sanda yana aunawa, ban ambaci masallacin ba.

Ranar Lahadi bayan sujada aka ce kada kowa ya tafi. Fasto ya so a yi maganar a ɗaki tsakanin dattawa, ni na ce a yi ta a gaban jama'a, tunda ginin na jama'a ne. Aka kira shi gaba. Ya ce ƙwarai ya auna. Ruwan da ke gangarowa daga gonar doya yana cin gindin bangon gabas, yana so ya san tsawon lambatun da za a haƙa kafin ya kawo wa dattawa shawara. Wasu suka yi gunaguni. Shugabar mata ta ce lambatu a baki, fenti a bango. Sai na miƙe, ni da nake riƙe da gwangwani, na tambaye shi da babbar murya wa ya turo shi cikinmu.

Ya dube ni ya daɗe. Ba fushi a fuskarsa, sai wani abu kamar gajiya.

"Baba, wanda ya turo ni ya rubuta sunansa a takardar da na ba ka."

Sai ya ce tunda zamansa ya zama damuwa ga 'yan'uwa, zai tafi, abu ɗaya kawai yake roƙo, a mayar masa da takardarsa. Na ce ta ɓace. Ya sake tambaya, a hankali, ko na duba sosai. Na ce na duba. Ya rusuna wa fasto, ya bi tsakiyar ɗakin har ƙofa, ya zauna a dokin ƙofa ya sa takalminsa, ya sa hula. Ina ganin bayansa har ya sha kwanar shagon walda.

Rusau ɗin ya zo bayan wata biyar. Hanya ce ake faɗaɗawa. Ta cinye shagunan gaba da masallacin makanikai, mu kuma ta ɗauke shingenmu da ban-ɗaki, ta bar ɗakin sujada. Muka yi godiya ta musamman. A damina mai zuwa bangon gabas ya zauna, sai da muka haƙa lambatu daidai inda ya auna. Ba wanda ya ambaci sunansa ranar haƙan, ni ma ban ambata ba.

Ikilisiya ta ci gaba da girma. Muka samu takardar fili bayan doguwar wahala, muka fara sujada biyu, ta Hausa da safe, ta Turanci bayanta, saboda 'ya'yanmu da aka haifa a nan. Faston nan matashi aka yi masa canji, wani ya zo. Na bar tuƙi saboda ido. Shekara tara bayan tafiyar Bakatsine muka gama ginin bulo, aka zo kwance tsohon kwano. Kafintan da ke saman rufi ya jefo mini wani ɗan ƙulli, yana dariya, ya ce Dattijo ga layar wani nan, shi ya sa ginin nan ya ƙi faɗuwa. Ledar ta yi baƙi, zaren ya ruɓe, amma takardar ba abin da ya same ta.

Na kai ta gida. Kwana huɗu tana cikin aljihun rigata. A rana ta biyar matata tana wanki ta ciro ta, ta gane ta nan take, ko da yake ba ta taɓa ganinta ba. Ranar na gaya mata komai, har wasiƙar da na hura wuta da ita. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko mini hulata ta ce kasuwa ba ta tashi ba tukuna.

Alhaji yana nan a rumfarsa, ya tsufa, 'ya'yansa ke awo. Na gabatar da kaina. Ya ce ya san ni, ni ne mai zuwa neman wake ba ya saye. Na ji kunya ta rufe ni. Ya sa aka ba ni kujera, ya ɗauko tabarau, ya buɗe takardar a kan gwiwarsa, ya bi layi da yatsa yana karantawa a fili, mutane suna wucewa da buhuna.

A takardar, tsoho mai bisharar ya fara da gaisuwa ga 'yan'uwan da bai san fuskokinsu ba. Ya ce shi da hannunsa ya yi wa mai wannan takarda baftisma a rafin garinsu, ba shi da horo, ba shi da rigima da kowa, neman abinci ne ya fitar da shi. Ya ce mutum ne mai kunya, ba ya iya roƙo sau biyu, don haka kada a manta da shi a baya ranar cin gurasa. A ƙarshe ya ce ya san mutanen birni boko suke karantawa, in ba mai iya wannan rubutu a cikinmu, mu kai wa kowane malami ya karanta mana, ba abin ɓoyewa a ciki.

Alhaji ya cire tabarau ya ninke takardar yadda take.

"Dattijo, daga cocinku zuwa nan tafiyar minti nawa ce?"

Na ce ba ta kai ashirin ba.

"To ka yi sauri." Ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba. Ya ce shi kansa ya sha tsokanar mutumin, yana ce masa tunda naka sun ƙi ka, ga tabarma nan ka shigo sahu. Shi kuma ya ce ba su ƙi shi ba, bincike suke yi. Alhaji ya ce yanzu Bakatsinen yana da teburinsa na hatsi a bakin wani sito a Idu, ya kwatanta mini wurin.

Washegari da hantsi na je. Na same shi yana auna wa wata mata masara, gemunsa ya yi fari. Ya gane ni tun daga nesa, ya taso ya karɓi jakata, ya shimfiɗa mini buhu a inuwa, ya kawo ruwa. Ya tambayi Mama mai kunu, ya tambayi bangon gabas. Na kasa jan gaisuwar. Na ciro takardar na miƙa masa da hannu biyu, na gaya masa inda ta kwana duk shekarun nan, da abin da na yi da wasiƙar fasto, da masallacin da na gani na yi shiru.

Ya buɗe takardar, ya duba, ya kai ta kusa da hancinsa. Ya ce tsohon da ya rubuta ta ya rasu shekara guda bayan zuwansa Abuja, kuma wannan ne kaɗai rubutun hannunsa da ya rage masa. Shi ya sa ya tambaya sau biyu a ranar, abin da bai saba ba.

Na tambaye shi inda yake sujada. Ya ce akwai wata ƙaramar ikilisiya a bayan layin dogo, leburori ne yawancinsu. Ya je musu ba takarda, suka ce ya zauna wata uku su ga halinsa, daga nan mutum biyu suka tsaya masa, aka ba shi gurasa. Na roƙe shi ya zo mana ko Lahadi ɗaya, Lahadin farkon wata, in karanta shaidarsa a gaban jama'a, in miƙa masa faranti da hannuna.

"Baba, na yafe tun ban san abin da zan yafe ba. Amma yunwar nan an riga an kashe mini ita a wani wuri. In na zo, don kai zan zo, ba don gurasar ba, kuma ba a zuwa teburin nan don mutum."

Na ce to ko takardar ya ba ni aro, in sa ta a gwangwani na mako ɗaya, sunansa ya shiga cikin namu. Ya yi murmushi, ya ninke ta, ya sa a aljihun gaba inda ya fito da ita ranar farko, ya ce ta gaji da zama a hannun mutane. Ya auna mini mudu biyu na gero ya ce in kai wa Mama. Na so in ƙi, na ga ƙin ma wani girman kai ne.

A taron dattawa na gaba na faɗi komai. Sabon fasto bai san mutumin ba, rabin dattawan ma ba su san shi ba. Shugabar mata ta lokacin tana nan da rai amma ba ta fita. Wasu suka ce abu ya wuce, Allah ya ga zuciya, a bar shi a nan. Na ce a gaban jama'a na tambaye shi wa ya turo shi, a gaban jama'a zan faɗi nawa. Na miƙa gwangwanin ga wani malamin makaranta da ke cikinmu, na roƙa a sa ni ƙarƙashin horo. Suka yi ta jayayya, a ƙarshe suka ce wata shida. A wannan zaman ne kuma aka gyara ƙa'ida: takardar da ba a iya karantawa, a nemi mai karanta ta cikin makon nan, ko wane ne shi, wanda ba shi da takarda kuma, mutum biyu su tsaya masa bayan wata uku.

Sabon ginin yana da kujerun roba, amma an bar tsofaffin bencina biyu a can baya. A kan ɗaya na zauna, tsakanin wani saurayi da ya daki ƙaninsa da wata mata da aka kama tana sayar da burkutu. Lahadin farko na zo ban ci komai ba, ba don ina sa ran wani abu ba, ina so ne in san yadda abin yake. Duk shekarun da na yi ina ɗaukar faranti, ban san cewa daga baya ana jin tahowarsa ba. Kofunan suna ɗan kaɗawa da juna, ƙarar tana matsowa layi bayan layi, har ka ji ƙamshin zoɓon. Sai ta tsaya a layin da ke gabanka, takalman mai ɗauka su juya. Ni sau shida na ji wannan juyawar, kuma na san ranar da tawa za ta ƙare. Shi ya ji ta fiye da sau ashirin, daga takalmana, kuma kowace safiya kafin nan sai ya gaishe ni a ƙofa ya kira ni Baba.